Wai ta yaya aka auna siffar sararin samaniya?

Jama'a abin nan yana burge ni wallahi, mutum yana zaune cikin abu bai taɓa leƙa wajensa ba amma ya auna siffarsa. Ba ƙasar nan da muke takawa nake nufi ba fa, sararin gaba ɗaya da taurarinsa da komai.

Akwai wani tsohon haske da ya taso tun sararin yana da shekara kusan 380,000, yanzu ya huce ya koma maikurowef, wani nau'in haske irin na rediyo da ido ba ya ganinsa, wasu masana biyu Penzias da Wilson ne suka ci karo da shi a Amurka suka sanar a 1965. A jikinsa akwai dabbare-dabbare, nan ya ɗan fi ɗumi can ya ɗan fi sanyi, bambancin ma kashi 1 cikin 100,000 ne kacal. To masana sun san ainihin faɗin manyan tabon nan ta lissafi, sun san nisansu da mu, kun ga an samu ƙatuwar alwatika kenan, mu muna kusurwa ɗaya. Zana alwatika a kan tabarma kusurwoyinta digiri 180 ne, zana ta a bayan ƙwarya sai sun haura. Da sararin a lanƙwashe yake irin na ƙwarya da tabon sun fi haka girma a idonmu. Aka ɗaura na'ura a balan-balan mai suna BOOMERanG ta yi shawagi a saman Antaktika ƙarshen 1998, sakamako ya fito a 2000, tabon kusan digiri 1, faɗin cikakken wata biyu a jere, daidai da abin da lissafin shimfiɗaɗɗen sarari ya ce. Tauraron ɗan'adam WMAP da Planck suka zo suka ƙara tabbatarwa.

Amma inda nake ganin ana gaggawa shi ne da an ji shimfiɗaɗɗe sai a ce ai ba shi da iyaka, a'a ba haka ba ne. Naɗe tabarmar nan baki ya haɗu da baki, alwatikarka tana nan 180 ɗinta amma wanda ya miƙe zai zagayo inda ya taso. In sararin haka yake kuma naɗin bai fi iyakar hangenmu girma ba ya kamata a ga da'irori biyu masu zane iri ɗaya sak a ɓangarori daban na sama, an bincika taswirar tsohon hasken ta WMAP da ta Planck ba a gansu ba, sai dai akwai nau'o'in naɗi da yawa da wannan binciken bai kore su ba, kuma yanzu haka masana na kan bin su ɗaya bayan ɗaya.