Talata, ranar da Kawu ya kawo gero

Kawu ya iso da hantsi, amalanke cike da dammunan gero daga gonarsa ta wajen Tsibiri. Bana dai an gode Allah. Yara suka yi ta ihu suna hawa amalanken, Inna kakarmu kuwa bakinta har kunne. Ta ce a kwance dami biyu a sussuke a nan gida, tana son furar sabon gero, sauran a shigar ɗakin ajiya. Ba ni da darasi sai yamma, don haka na ɗauko kayena, wato littafin rubutuna, da bik na ja tabarma kusa da turmi.

Kun san kayen nan mai shafi 200. Ta gaba Faransanci nake rubutawa, ta baya Hausa. Ƙa'idar da Mushe, malaminmu, ya koya mana tun muna lise, wato babbar sakandare, nake bi har yau: kada a rubuta kalma ita kaɗai. Sai an sa kwanan wata, an sa jimlar da ta fito a ciki, an sa bakin da ya faɗe ta. Shi ne ya ba mu labarin Bajamushen nan Ebbinghaus, wanda a 1885 ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum ya haddace tun a yinin farko yake zubewa. Shi ya sa nake bita kafin in kwanta, in sake washegari, in sake ranar Juma'a, kuma in nemi inda zan yi amfani da kalmar da bakina a cikin makon. Wadda ban furta ba, ba ta zama tawa.

Inna yau ta sake sosai. Ita da matar Kawu suna lugude a turmi ɗaya, taɓarya na sauka bayan taɓarya, tana aiki tana yi mini bayani. Sussuka ce ke raba ƙwaya da zangarniya. Sai shiƙa: ta ɗaga ƙwarya sama daidai kafaɗa, ta juya wa iska gefe, tana zubo geron a hankali cikin wata ƙwaryar da ke ƙasa, ƙaiƙayi na tashi yana bin zanenta. Ni da na ɗauka shiƙa da bakace abu ɗaya ne, sai ta ce a'a, bakace sai bayan surfe, da faifai ake yi, dusa ake fitarwa. Ta nuna mini yadda ake kaɗa faifan da yatsu ta ƙasa har dusar ta taru a baki guda. Daga nan wanki, shanya, daka, tankaɗe, abin da ya ƙi wuce rariya shi ne tsaki. Duk na taɓa jin kalmomin nan, amma yau ne na jera su daki-daki, kowace da aikinta. A gefen shafin na rubuta abin da ta ce: wajen mahaifiyarta ta koya, wadda aka haifa a tsohon gari can ƙasa bakin Gulbi, kafin ambaliyar 1945 ta sa Maradi ta hau tudu.

Ana cikin haka Auta ya dawo daga makaranta. Ya leƙa kayen ta bayana, ya yi dariya.

"Yaya, wannan ai maganar ƙauye ce. Ga inji nan bakin titi. Ki cika takardarki da abin da zai ci miki jarrabawa mana."

Na ce masa ya iya bakinsa. Ya ɗaga kafaɗa ya shige ɗaki. Shi a wajensa magana ta wuce.

Inna ba ta ce komai ba, ta ci gaba da aikinta. Na bari jim kaɗan, sannan na tambaye ta yadda suke kiran abin da ya rage na zangarniya bayan an gama sussuka, don na ji ta faɗi wata kalma ɗazu, ƙarar taɓarya ta hana ni kama ta. Ta ce, "Bari, ɗiyata. Mi za ki yi da shi? Yaron ga gaskiya ya faɗi." Na roƙe ta, ta aike ni ɗebo ruwa. Na tambayi matar Kawu, ta dubi Inna, ta ce ita ma ta manta. Ba ta manta ba, kara ta yi wa surukarta.

Abin nan ya tsaya mini a rai duk yini. Matar da tun tana yarinya take wannan aiki, ta ciyar da gidan nan kaf da hannunta, jikanta ya sa ta ji kunyar abin da ta sani. Na san dalilin Auta. Jarrabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare ke gabansa, da Faransanci za a tambaye shi, kuma ni ma rabin kayena Faransancin ne, ban raina shi ba. Amma wa ya ce masa sai an zubar da ɗaya kafin a ɗauki ɗaya? A watan Maris na 2025 aka sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, muka yi ta murna a jami'a. To wace Hausa za mu kai ofis da aji in ta cikin gida muna kiranta ƙauyanci? Ƙamus zai iya ba ni ma'anar bakace. Ba zai nuna mini yatsun Inna a ƙarƙashin faifai ba, kuma kalmar da na rasa yau ban ma san ta wane harafi zan fara nemanta ba.

Darasin yamma, jikina ne kawai a ajin. Kalma biyu na Faransanci na samu, na rubuta su da jimlolinsu.

Adaidaita ya yi wuya a dawowa, sai kabu-kabu. Ƙura.

Furar ta yi daɗi ƙwarai, Baba har da ƙari. Inna ta dama mini tawa daban kamar kullum, amma da ta ga kaye a hannuna sai ta kawo zancen bikin gidan su Hajiya. Na mayar da shi jaka.

An ɗauke wuta bayan isha, da fitilar waya na yi bitar yau. Kawu zai koma bayan asuba, zan tare shi kafin ya ɗaura wa shanu amalanke, wataƙila shi ya faɗa mini. Amma daga bakin Inna nake son ji, kuma ban san yadda zan sa ta sake sakewa da ni ba. Na yi tunanin gaya wa Baba, sai na ga faɗa kawai zai yi wa Auta, Inna kuma ta ƙara jin nauyi.

Yanzu Auta ya turo mini saƙo daga ɗakinsu, wai in duba masa aikin Faransancin da zai kai ranar Alhamis. Na ce masa sai gobe.