Matse faifan DVD na biki ba tare da hoto ya lalace ba

Ƴan'uwa masu koyo, ga yadda ake kwashewa da rage girman faifayen biki da suna da masu ɗaukar bidiyo na nan Maradi suka buga shekarun baya. Faifai ɗaya yana ɗaukar giga 4.7, mai hawa biyu 8.5, ga ƙura da zafi suna cin su sannu a hankali.

Kafin komai, a goge faifan da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, kada a bi zagaye. Sai a kwashe shi dungum cikin kwamfuta da manhajar MakeMKV, wadda ba ta rage komai daga hoton. Daga wannan kwafin ake matsewa da manhajar HandBrake, faifan kuwa a mayar da shi gidansa.

A HandBrake na fi yarda da tsarin matse bidiyo na H.264, lambar RF (ma'aunin ingancin hoto) tsakanin 19 da 21, saurin aiki a kan slow. Ƙaramar lamba, hoto mai kyau da fayil babba. Ƙara 6 a kanta yana rage girman kusan rabi, amma fuskoki su ke biya. H.265 ya fi matsewa, sai dai tsofaffin talabijin da yawa ba sa karanta shi daga kile USB.

Inda aka fi yin ɓarna ba a RF ba ne. Kyamarorin wancan lokacin suna ɗaukar hoto layi-layi, rabi sannan rabi. In ba a kunna Decomb ko Bwdif, masu haɗe layukan, ba, da zarar ƙawayen amarya sun taso rawa za a ga gefen hannuwansu ya yi haƙora kamar matsefi, kuma in an matse a haka ya zauna ke nan. Girman hoton PAL, wato tsarin bidiyon waɗannan faifayen, 720 da 576 ne, a bar shi yadda yake. Ɗaga shi zuwa 1080 ƙarin nauyi ne kawai. Anamorphic, mai daidaita faɗin hoto da tsayinsa, ya zauna a Automatic, in ba haka ba mutane su fito sirara dogaye.

Wasan dare yana da nasa ciwon. Ƙarancin haske yana cika hoto da ɗige-ɗige, manhajar kuma ta ɗauke su abin adanawa ne, fayil ya kumbura. NLMeans, mai share ɗige-ɗigen, a kan Light ya isa. Wuce nan, aikin wuyan babbar riga da ƙyallin shadda su shafe, alhali su ne abin da iyalin ke son gani.

A wajen sauti, tsarin AAC a kan 160 ya wadatar.

Kada a matse faifai gaba ɗaya sai an gwada daƙiƙa 30 daga wurin da ya fi motsi da duhu, a kalla a talabijin, ba a waya ba. In wuta ta ɗauke ana tsaka da matsewa, daga farko za a soma, don haka a raba dogon biki babi-babi. Kile mai tsarin ajiya na FAT32 ba ya karɓar fayil da ya haura giga 4, shi ya sa kwafin MakeMKV ke buƙatar exFAT ko NTFS.