Mako Huɗu Ina Koyon Gugguru Mai Zaƙi da Mai Gishiri

'Yan uwa masu koyo, yau mako huɗu ke nan da na fara gwada yin gugguru a gida, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ruwa yake shiga kowane mataki na aikin: shi ne yake fasa ƙwayar masarar, shi ne kuma yake lalata guggurun bayan ya fashe.

A makon farko rabin ƙwayoyina sun ƙi fashewa, suka kwanta a gindin tukunya suna ƙonewa. Da na bincika sai na gane cewa masarar gugguru tana da ɓawo mai tauri wanda ba ya barin tururi ya fita, kuma a cikinta akwai danshi kusan kashi 14 cikin ɗari. Idan zafi ya kai kimanin digiri 180 a ma'aunin Celsius, danshin nan ya zama tururi mai matsi, sai ɓawon ya tsage, sitacin da ya yi laushi ya kumbura ya bushe nan take. Masarar da na fara da ita ta daɗe a buɗe, ta bushe fiye da kima. Na zuba kofi biyu a kwalba, na sa ƙaramin cokali biyu na ruwa, na rufe, ina girgizawa safe da yamma har kwana uku, kuma da na sake gwadawa, ƙwayoyin da suka rage ba su cika tafin hannu ba.

Yanzu ma'aunina ya tsaya: rabin kofin masara da babban cokali uku na man girki, a tukunya mai kaurin gindi. Nakan jefa ƙwaya uku tukuna, idan sun fashe na san mai ya yi zafi, sannan in zuba sauran. Murfin kuma ba na rufe shi ruf, nakan bar 'yar kafa, domin ranar da na rufe gaba ɗaya na ga ruwa yana ɗiga daga cikin murfin yana komawa kan guggurun, ya fito da danƙo a haƙori maimakon ya yi garas-garas.

Mai gishiri ya zo mini da sauƙi bayan na daina barbaɗa gishiri mai tsakuwa, wanda yake zubewa ƙasan kwano. Nakan daka shi har ya zama gari, in haɗa da garin tafarnuwa da ɗan barkono, in barbaɗa tun gugguru yana da zafi. Man shanu kuwa yana ɗauke da ruwa wajen kashi 16 cikin ɗari, saboda haka idan aka kwarara shi kai tsaye sai guggurun ya yamutse. Sai na narkar da shi a ƙaramar wuta har kumfa ta taso, na kwashe kumfar, na tsiyaye tataccen man, shi nake yayyafawa kaɗan-kaɗan ina juyawa.

Mai zaƙi ne ya ba ni wahala, kuma a kansa na ɓata mafi yawan mako na uku. Hanya ta farko ita ce a zuba rubu'in kofin sukari tare da masarar a cikin tukunya, a riƙa girgizawa ba hutawa, a kuma juye shi da zarar ƙarar fashewa ta ja baya, domin daƙiƙa kaɗan ne tsakanin ƙamshi da ƙauri. Sau biyu na makara, sukarin ya yi baƙi da ɗaci. Hanya ta biyu, wadda na fi gamsuwa da ita, ita ce a dafa sukari da man shanu da ɗan ruwa daban har zafinsa ya kai wajen digiri 150. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya ɗiga kaɗan a ruwan sanyi. Idan ya daskare ya karye kamar gilashi, to ya yi. A nan ake sauke shi a sa rabin ƙaramin cokali na bekin soda, sai a ga ya taso da kumfa ya yi haske, kuma wannan kumfar ce take sa idan aka zuba shi a kan fasasshen gugguru ya lulluɓe shi da siriri ba tare da ya dunƙule ba. A kula da hannu sosai, domin narkakken sukari yana manne wa fata idan ya zuba.

Idan na sauke sukarin da wuri har guggurun ya yi danƙo, nakan baza shi a faranti in sa a obin mai zafin digiri 120 na minti 45, ina juyawa duk bayan minti 15, ragowar ruwan ya fita. Sai ya huce sarai nake rufe shi a kwalba. A mako mai zuwa zan gwada kirfa da garin citta a cikin narkakken sukarin, kuma zan sa su ne bayan na sauke tukunya, don kada zafi ya ƙona ƙamshinsu.