Sakan 45 a kan ƙanƙara

Ranar da na gaya wa Hajiya a waya irin aikin da na samu, shiru ta yi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To, kai yanzu duk karatun nan naka, wanki da wasa wuƙa ka je yi a Amurka?" Na ce mata ai ba wuƙa ba ce, ƙarfen takalmi ne. Ta ce, "Allah ya sa albarka," da wata murya da na san fassararta tun ina yaro.

Gaskiya ta faɗa kuwa. Na sauka a wata jami'a da ke arewacin Amurka, can wajen iyakar Kanada, a watan Agustan 2022 don yin digiri na biyu. Bizar ɗalibi ba ta yarda ka yi aiki a cikin gari ba sai a harabar makaranta, shi ma kada ya wuce awa 20 a mako muddin ana karatu. Kafin in farga an cinye guraben laburare da na ɗakin cin abinci. Abin da ya rage shi ne ɗakin kayan 'yan wasan hokin ƙanƙara na maza, wasan da ake bugawa da sanda a kan filin ƙanƙara, da takalmi mai ƙarfen sulɓi a ƙasansa. Ni da iyakar sanina da ƙanƙara ita ce wadda ake jefa wa zoɓo, sai kuma wadda kan zubo da ruwan farkon damina yara su yi ta tsinta.

Da wanki na fara. Riguna, safa, tawul, injin ba ya hutawa. Warin safar hannun ɗan hoki kuwa, wanda bai shaƙa ba ba zai gane ba. Majema ma sai ta sara masa. Daga nan aka ɗora mini jera sanduna, da yanka salatif, da zuba faya-fayan wasa a firiza. Faifan nan baƙar roba ce mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, kuma ana daskarar da shi ne don kada ya riƙa tsalle a kan ƙanƙara. Maigidana, wani dattijo mai furfura da ba ya ɓarnar magana, ya ce in yi wata biyu ina kallo kafin in taɓa injin wasa ƙarfe.

Kakar wasan jami'o'i tana farawa a Oktoba, ana buga wasa yawanci daren Juma'a da daren Asabar, sau da yawa da abokin karawa guda. Filin ƙafa 200 ne a tsawo, 85 a faɗi. Mutum shida kowane ɓangare har da gola, zango uku na minti 20, kuma tsakanin zango da zango motar Zamboni takan shigo ta kankare saman ƙanƙarar ta shimfiɗa ruwan zafi ya daskare sumul. Wannan duk na haddace a mako guda. Abin da ya ɗaure mini kai daban ne.

A daren wasan farko ina tsaye bayan benci da sanduna a hannu, sai na ga yaron da ya fi kowa iya wasa ya shiga, ya yi gudu biyu, ya juyo da kansa ya faɗo benci yana haki, wani ya tsallake katanga ya maye gurbinsa, wasa kuma bai tsaya ba. Ko minti ɗaya bai cika ba. Na ɗauka ciwo ya ji. Can sai na ga kowa haka yake yi. Ni kuwa da ƙwallon ƙafa na tashi, na sha kallon Kano Pillars a filin Sani Abacha, kuma a wurinmu cire ɗan wasa kusan cin fuska ne: ya fito yana jan ƙafa, ya ƙi kallon koci, wani har ya yi jifa da gorar ruwa. A nan kuma mutum shi yake cire kansa, da gudu, sau ashirin ko fiye a dare ɗaya.

Maigidana ne ya warware mini a taƙaice. Gudun hoki gudu ne na ƙure ƙarfi, ba mai iya riƙe shi fiye da kimanin sakan 45 ba tare da ƙafa ta yi nauyi ba. Shi ya sa ake jera 'yan gaba sahu huɗu, uku-uku, 'yan baya kuma bibbiyu, suna karɓar juna. Gwanin gwanaye a cikin 'yan gaba bai cika wuce minti 20 ko ɗoriya kaɗan ba a wasan minti 60. Sai abin ya tuna mini da lugude: taɓarya biyu a turmi ɗaya, wannan na ɗagawa waccan na sauka. Wadda ta ƙi ɗaga tata a kan lokaci, ba daka ta ƙara ba, karo ta jawo.

Fitar ma tana da ƙa'ida. Ba ka fita lokacin da faifai ke gidanku. Sai ka tura shi can cikin gidan abokan hamayya tukuna, don wanda zai karɓe ka ya shigo cikin natsuwa. In ya yi gaggawar shigowa kai ba ka iso benci ba, alƙali ya ƙirga mutum ya yi yawa, ku yi minti biyu da gurbin mutum ɗaya. In kuwa gajiya ta sa ka doke faifan tun daga ɓangarenku ya tsallake fili gaba ɗaya don ka samu numfashi, doka ta ce a dawo da wasa gidanku kuma ba za ku canza kowa ba. Wato ko gudun wahala ba a yarda ka yi shi a gurguje ba. Mafi muni shi ne zango na biyu, domin an juya gida, bencinku ya yi nisa da ragar da kuke karewa. Wanda ya makara a wannan zango, ya makara ke nan.

Akwai wani yaro ɗan shekara 18 a tawagar, ƙungiyar ƙwararru ta riga ta zaɓe shi tun kafin ya shigo aji ɗaya. Sauran sababbin sun girme shi da shekara biyu ko uku, domin a hokin jami'a da yawa sukan fara buga gasar matasa kafin su zo makaranta. Yaron nan Allah ya ba shi hannu, amma bai san fita ba. In lokacinsa ya cika ya hango wata 'yar dama, sai ya ce bari in ƙara ɗaya. A wani wasa cikin Nuwamba, a zango na biyu, ya ƙara ɗayar, aka ƙwace faifan, aka tsare su a gidansu kusan minti biyu. Ina ganinsa ya miƙe tsaye, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, sanda tana lilo a hannu, aka wuce ta gefensa kamar turke aka ci. Koci bai ɗaga murya ba. Ya dai bar shi a zaune har zangon ya ƙare, a gaban dubban 'yan kallo, da iyayensa a ciki.

Na tuna har dariya na yi a raina, na ce yaro man kaza. Ban san nawa na tafe ba.

A Disamba aka sake mini injin. Ƙarfen takalmin bai fi kaurin milimita 3 ba, kuma ba kaifi ɗaya ake yi masa kamar wuƙa ba. Dutsen yana rarake tsakiyarsa ne ya bar baki biyu, na ciki da na waje, waɗanda ɗan wasa ke kafawa a ƙanƙara in zai juya ko zai tsaya. Kowa da zurfin da yake so: wani rabin inci, masu jiki sukan fi son wanda bai kai haka zurfi ba don su fi sulɓi. Akwai littafin da aka rubuta na kowa. In baki ɗaya ya fi ɗaya tsawo ko da kaurin gashi ne, mai takalmin zai ji a ƙafarsa. Na ji daɗin aikin nan fiye da yadda zan iya gaya wa Hajiya. Tartsatsin da ƙarar dutsen sukan mayar da ni ƙofar maƙerin unguwarmu.

Sai jarrabawa ta zo, ta haɗu da wasannin ƙarshe kafin hutu. Mu uku ne ɗalibai a ɗakin, amma ni na saba da tunanin cewa baƙo sai ya ninka ƙoƙari kafin a ga rabinsa. Ga kuma kunya, wadda a wurinmu ado ce: yaya za a yi in buɗe baki in ce na gaji? Abokin aikina ya ce in bar masa takalman daren Juma'a in je in kwanta. Na ce a'a, ba komai. Kwana biyu ina barcin awa uku, rana a aji, dare a laburare. Na wasa takalma wajen ashirin ido na yaji, kuma ban ɗora ma'aunin da ake duba daidaiton baki ba a kan na ƙarshe-ƙarshen, don na ga hannuna ya saba.

Minti kaɗan da fara wasa, wani ɗan baya ya zo juyawa hagu, ƙafar ta zame, ya faɗi shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi. Abokin hamayya ya tafi shi da gola. Allah ya taimake ni golan ya tare. Ɗan bayan ya iso benci ya ɗaga ƙafa, maigidana ya zare ƙarfen ya sa wani cikin 'yan sakanni, ya ɗaga wanda ya cire ya hanga a fitila, ya sa a aljihu. Bai kalle ni ba.

Bayan an watse ya ajiye ƙarfen a gabana da ma'aunin a kai, a karkace. Na shirya jin faɗa, na ma shirya jin kora. Sai ya ce, "Tun yaushe kake kan ƙanƙara?" Na ce, "Oga, ni ai ban taɓa hawa ba." Ya ce, "Tun Laraba kake kai. An miƙo maka hannu ka ƙi fita." Ya ce kuskuren hannu kowa na yi, shi ma ya yi, wannan ba ya damunsa. Abin da ba zai ɗauka ba shi ne in gaji in ɓoye, domin ba ni zan faɗi ba, wani ne zai faɗi da kansa a jikin katanga.

Wannan magana ta daɗe tana cina, don ta taɓa abin da nake taƙama da shi. Ni a ganina juriya nake yi. Amma da na zauna na duba, rabin abin ba juriya ba ce, son a ce ni ne. Daidai da yaron nan mai ƙara ɗaya. Kuma na san irinmu da yawa a gida: ma'aikacin da ba ya tafiya hutu don kada a gane ana iya yi ba shi, shugaban ƙungiyar da ya riƙe takardu a jakarsa shekara goma. Muna yaba musu da ƙwazo, alhali aikin a hannunsu yake tsufa. Ba ina cewa haƙuri ba shi da rana ba. 'Yan wasan nan sun fi ni haƙuri: dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta kayyade musu awa 20 na atisaye da wasa a mako, daidai da tawa ta biza, amma tafiyar bas ta awa shida ko bakwai a cikin dusar ƙanƙara ba ta cikin lissafi, kuma na sha ganinsu suna aikin gida a kan gwiwa da fitilar waya. Bambancin shi ne su sun san ƙarfin mutum na tawaga ne, ba nasa ba ne da zai ƙarar yadda ya ga dama.

Janairu ta zo mana da rashin nasara a jere, ɗakin ya yi tsit, aka daina sa kiɗa. Fabrairu muka farfaɗo. Ni dai na koma gaya wa abokan aikina tun ranar Litinin daren da ba zan iya ba, kuma in zan tashi sai na bar takarda: na wane an gama, na wane saura, wane ya canza zurfi. Yaron nan ma ya koyi fita, har ya zama in ya faɗo benci da sauran numfashinsa.

A Maris aka fitar da mu a zagayen farko na gasar rukuninmu, inda wanda ya fara cin wasa biyu cikin uku yake wucewa. Ƙungiya 16 kacal ke zuwa gasar ƙasa, ba mu ciki. 'Yan ajin ƙarshe suka zauna fiye da awa guda da kayan wasa a jikinsu, ba mai son ya fara kwance igiyar takalmi, don yawancinsu sun san ba za su sake sa rigar wata tawaga ba. Muka tsaya da kwandunan wanki a bakin ƙofa muna jira. Ba wanda ya ce su yi sauri.

Wasan ƙarshe na ƙasa, na matakin ƙungiyoyi huɗun ƙarshe da ake kira Frozen Four, an yi shi ranar 8 ga Afrilun 2023 a birnin Tampa na jihar Florida, azumi ya yi nisa. A ɗakin kaya muka kalla, na sha ruwa da dabino a gaban talabijin. Jami'ar Minnesota, mai kofi biyar a tarihi, ta fara jan ragama da ci 2 da nema a kan Jami'ar Quinnipiac, wadda ba ta taɓa ɗauka ba. Quinnipiac ta rama ɗaya, sannan saura minti uku da ɗoriya kocinsu Rand Pecknold, wanda ke riƙe da tawagar tun 1994, ya kira golansa ya fito, ya bar raga a buɗe don a ƙara ɗan gaba. Golan ya taho benci da gudu, suka farke. Da aka shiga ƙarin lokaci, sakan 10 kawai Jacob Quillan na Quinnipiac ya ci, aka tashi 3 da 2. Maigidana ya kashe talabijin ya ce gobe ƙarfe takwas za a fara ƙirgar kaya.

Mako biyu muka yi muna ƙirga hulunan kwano da ɗaure sanduna. Karatuna ya kai matakin bincike, na ce ba zan dawo ɗakin ba a kaka mai zuwa. Maigidana ya turo mini wanda zai gaje ni, wani ɗan aji ɗaya, ya ce in nuna masa injin. Na buɗe masa littafin zurfin kowa, na damƙa masa ma'aunin, na kunna dutsen, sannan na ja baya na ba shi wuri.