A nemi izinin mai kare kafin a bar karnuka su shinshini juna

Shekara huɗu ke nan ina fita zagaye da karen gadin gidanmu bayan sallar asuba, daga unguwarmu ta Arkilla zuwa bakin babban titi mu dawo, domin duk wanda ya bari rana ta ɗaga a Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwalta za ta ƙona wa dabbar tafin ƙafa kafin su kai ko'ina. A da sai in yi mako ban gamu da wani mai kare ba, amma yanzu samari masu kiwon Alsatian da sauran karnukan waje sun yawaita, haɗuwa a hanya ta zama ta kusan kullum.

Wata safiya cikin hunturun bara, wani matashi ya hango mu daga nesa, sai kawai ya sassauta sarƙa ya nufo mu da ƙaton karensa yana murmushi. Na ɗaga masa hannu na ce, "Samari, don Allah riƙe shi." Ya ce, "Baba, kada ka damu, ba ya cizo, gaisawa kawai za su yi." Kafin in sake buɗe baki karnukan sun haɗa fuska, nawa ya yi gurnani ya kai cafka, sarƙoƙi suka harɗe, sai da wani mai shayi ya watsa musu ruwa sannan muka raba su. Babu wanda ya ji mummunan rauni, amma tun daga ranar karena, wanda a da ba ruwansa da kowa, ya koma haushi da zarar ya hango wani kare, kuma sai da muka yi watanni kafin ya dawo daidai.

Ban zargi yaron da ƙarya ba, mai yiwuwa karensa bai taɓa cizo ba. Kuskurensa shi ne ya ba da shaida a kan nasa, alhali bai san komai game da nawa ba. Bai san ko tsoho ne mai ciwon gaɓɓai ba, ko yana jinya, ko an taɓa yi masa taron dangi ya zama matsoraci, ko kuwa karya ce da ta shiga lokacin barbara, wanda ke zuwa mata kamar sau biyu a shekara ya ɗauki mako biyu zuwa uku. Yawancin karnukanmu a nan na aiki ne, na gadi ko farauta ko bin garken shanu, kuma wanda aka raina a ɗaure cikin gida don ya kori baƙo bai saba karɓar baƙon kare da fara'a ba. Saboda haka a ganina sallamar ta masu karnuka ce tukuna: a tsaya daga nesa, a gaisa, a tambaya, idan aka ce a'a a wuce ba tare da neman dalili ko jin haushi ba. Mu da ba ma shiga zauren mutum sai ya amsa sallama, bai kamata wannan ya yi mana wuya ba.

Akwai kuma wani abu game da ɗabi'ar kare da masu kiwo da yawa ba su lura da shi ba. Idan karnuka biyu suka haɗu a sake, ba sa tunkarar juna gaba da gaba, sukan kewayo ta gefe, kowanne ya shinshini bayan ɗan'uwansa, wanda bai gamsu ba ya ja da baya. Sarƙa tana hana duk wannan, domin tana kawo su ido cikin ido, ta kuma toshe wa mai tsoro hanyar gudu, kare kuwa in ya rasa mafita haƙora yake fitarwa. Mutane sukan ce ai yana kaɗa wutsiya, amma kaɗa wutsiya ba kullum murna ba ne. Wutsiyar da ta miƙe sama tana rawa da sauri, tare da sandarewar jiki da tashin gashin ƙeya da kafa ido, gargaɗi ce. Wanda kuma ya cusa wutsiya tsakanin cinyoyi, yana lasar baki yana kau da kai, roƙo yake a ƙyale shi.

Idan duka biyu sun yarda, a sassauta sarƙa kada a ja ta ta yi tauri, a bar su su shinshini juna na daƙiƙa uku ko makamancin haka, sannan kowa ya kira nasa ya matsa. Abin da ya fi mini aiki shi ne mu jera muna tafiya da tazara a tsakani har su saba da warin juna.

Maganar lafiya ta fi duk waɗannan nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta hanyar cizon kare suke kamuwa. Ga cutar fabo mai sa kwikwiyo amai da zawon jini, wadda ake ɗauka daga kashin kare mai ɗauke da ita, ga kaska, ga ƙirci. Kwikwiyon da bai kammala alluran rigakafinsa ba, wato bai kai wajen mako 16 ba, ba shi da abin yi kusa da baƙon kare. Tambayar "an yi masa allura?" ba cin fuska ba ce, tun da muna da asibitin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a cikin garin nan, babu mai uzurin cewa bai san inda zai kai nasa ba. In kuwa tsautsayi ya sa an ciji mutum wajen rabon faɗa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya shafa gishiri ko toka.

Da rani mukan gamu da mafarauta sun fito da ayarin karnukansu ba igiya, ni dai tsallaka titi nake yi in tsaya har su wuce, haka ma in na hango karnukan da ba su da mai su a bakin bola. Sannan hanyar ba tamu mu kaɗai ba ce. Ko da yake a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne, dattijon da ya fito daga masallaci da farar riga ba ya son a shinshine shi, kuma faɗan karnuka a lungu yakan rutsa da yara masu tafiya makarantar allo da awakin maƙwabta.

Har yanzu muna haɗuwa da matashin nan wajen mai shayi. Yakan naɗe sarƙa a hannu tun daga nesa ya ce, "Baba, ina kwana," in amsa masa daga ɗaya gefen titin, karnukan su kalli juna kowa ya bi mai shi.