Tsayuwa kafin shuri: yadda nake koyar da taikwando a Birnin Kebbi

Shekara tara ke nan ina riƙe da ƙaramar makarantar taikwando, wasan shuri da naushi na ƙasar Koriya, a wani zaure da na kama haya a unguwar Badariya. Na taso ina kallon dambe bayan kaka, inda yaro ke koyo ta hanyar bin ubangidansa, yana riƙe masa kara da ruwa, yana kallo har ranar da za a tura shi fili. Da wannan tunani na buɗe makarantar, kuma shi ya jawo mini asara ta farko. A mako na biyu na bar wani yaro ɗan shekara goma ya kara da wanda ya riga shi shigowa. Ya ɗaga ƙafa zai yi shuri alhali bai iya dasa ɗayar ba, ya faɗi ya yi targaɗe a idon sawu. Kafin wata ya ƙare, iyaye huɗu sun janye 'ya'yansu.

Daga nan na zauna na rubuta manhaja a littafi, ina bin tsarin Kukkiwon, cibiyar wasan da aka kafa a birnin Seoul na Koriya ta Kudu a 1972. Mai farar ɗamara, wato sabon ɗalibi, yana yin wata uku a wurina bai taɓa jikin kowa ba. Ina zana layi da alli a kan siminti, ina auna tazarar ƙafafunsa, ina dafa gwiwarsa ta gaba har ta lanƙwashe daidai, sannan ya taka yana ƙirga ɗaya zuwa huɗu da harshen Koriya, "hana, dul, set, net", har ƙarshen zaure ya dawo. Bayan tsayuwa sai tarewa, sai naushi, sannan shurin gaba. Sai waɗannan sun zauna a jikinsa nake fara masa Taegeuk Il Jang, jerin motsi 18, na farko cikin jeri takwas da ake haddacewa kafin baƙar ɗamara ta ƙwararru. Kowane ɗalibi yana da shafinsa, inda nake rubuta abin da ya iya da abin da ya rage, domin ko ba na nan mataimakina ya san inda zai ɗora.

Lokaci ma sai da dabara. Yawancin yaran suna Islamiyya, don haka muke haɗuwa Alhamis da Juma'a bayan la'asar, da azumi kuma mu koma dare. A zafin watan Afrilu nakan rage tsalle, in ƙara hutun shan ruwa.

Abin da ya fi wahala a sana'ar nan shi ne gaggawar iyaye, kuma ina ganin uzurinsu, tunda su ke biyan kuɗin wata. Kwanan baya wani uba ya same ni ya ce, "Malam, yaron nan wata biyar ke nan, har yanzu farar ɗamara?" Na ce, "Alhaji, bismilla, zauna ka gani." Na sa yaron ya yi jerin nasa, ya tsaya cak a motsi na tara yana kallona. Na buɗe shafinsa na nuna wa mahaifin ranaku bakwai da bai zo ba, na kuma gaya masa cewa Chika Chukwumerije, wanda ya ciyo wa Nijeriya tagulla a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, shi ma da koyon tsayuwa ya fara. Muka rabu a kan zai riƙa kawo shi da kansa kowace Alhamis, ni kuma na sa sunansa cikin masu gwajin ɗamarar ruwan ɗorawa bayan babbar salla.