Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kwalin Maganin Inna

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Baba, da niyyar yau in shiga maganar rabon gado. Sai shekaranjiya ina gyara ɗakin Inna na buɗe kwallarta ta ƙasa, na tarar da tsofaffin kwalayen Moduretic, maganin hawan jininta, guda shida, babu ko ƙwaya ɗaya a ciki, ta ɗaure su da tsumman atamfa kamar takardun gida. Na zauna a bakin gado na kasa tashi. Maganar gado ta jira.

Bayan ta fita takaba ne aka gano hawan jininta. Ciwon kai ya hana ta barci, Goggo tana cewa kewa ce, ni na matsa muka je asibiti. Likita ya rubuta mata rabin ƙwaya kullum da safe, ya ce da safe fa, don idan ta sha da dare za ta kwana tana zarya a bayan gida. Maganin fitsari yake sa wa, yana fitar da gishiri da ruwan da suka yi wa jiki yawa, jini ya sauka. Inna ta raɗa masa suna "mai karya alwala". Shekara goma sha huɗu tana shan sa, ni nake saye, ni nake raba ƙwayar da reza, ni nake kai ta awon jini. Ba gori nake yi ba. Na faɗa ne don masu cewa a ranar asibiti na fara sanin ciwon uwata.

Baba ɗan Kantin Kwari ne. Idan aka miƙo masa atamfa sai ya murza bakinta da yatsa biyu, ya kai hanci, ya ce, "Kama da wane ba ta wane." Da wannan maganar ya yi mana tarbiyya, da ita ya hana ni auren farko da na so. Inna ta haddace ta kamar karatun allo.

A 2023 aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, naira ta faɗi, magani ya yi tashin gwauron zabi. A watan Agusta kamfanin GSK ya sanar zai daina sayar da magungunansa da kansa a Najeriya. Ba su ke yin na Inna ba, amma a lokacin duk wani maganin waje ya zama abin nema. Na zagaya shago huɗu ban samu kwalin da ta sani ba. A na biyar wata mai ilimin haɗa magunguna ta zaunar da ni, ta juya tsohon kwalin, ta ɗora yatsa a kan ƙananan rubutun da ban taɓa kula da su ba: amiloride miligiram 5, hydrochlorothiazide miligiram 50. Ta ɗauko wani kwali na wani kamfani, rubutu iri ɗaya, lissafi iri ɗaya, ga lambar NAFDAC a gefe. Ta ce, "Hajiya, sunan da ke sama na kamfani ne. Wannan na ƙasa shi ne maganin."

Na kawo gida. Inna ta juya kwalin, ta ajiye a ƙasa, ta ce, "Kama da wane ba ta wane." Na yi bayani har muryata ta dushe. Daga baya ta riƙa sha, amma zuciyarta ba ta kwanta ba, kuma duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta gaya masa an canza mata magani. A haka maganar ta kai kunnen Yaya Babba, wanda a lokacin sai ya yi wata biyu bai taka gidan ba. A gaban matansa ya ce na sayo wa uwarmu na araha don in soke canji. Har yau wannan kalmar tana nan a ƙirjina.

Azumin 2024 ya faɗo a watan Maris, tsakiyar zafi, irin wanda ruwan randa ma yake yin ɗumi. Yaya ya je wani kemis ya ce a ba shi maganin hawan jini mai sa fitsari, mai kyau. Yaron shagon ya ba shi furosemide, miligiram 40, ya haɗa masa da diclofenac don gwiwar Inna. Ba wanda ya gaya mini. Tana shan nawa, tana shan nasa da sahur, tana wuni ba ruwa. Na ga leɓenta yana bushewa, na ji tana kukan jijiyar ƙafa tana ɗaurewa da dare, na ɗauka azumi ne. Wannan kam laifina ne, ban bincika kwallar ba.

Ranar sha biyu ga azumi, bayan la'asar, ta miƙe daga kan darduma, jiri ya kwashe ta. Auta ce ta ji ƙarar buta. Da muka ɗago ta tana kiran ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina goye.

A asibiti aka ɗebi jini. Likitan, yaro ne ƙarami amma mai natsuwa, ya ce gishirin jininta ya yi ƙasa, sodiyam ɗin ya faɗi, shi ya kawo ruɗewar, kuma ƙodarta ta fara wahala. Ya sa aka juye ledar magungunan a kan tebur. Ya ɗaga furosemide ya ce wannan mai ƙarfi ne, an fi ba masu kumburi saboda ciwon zuciya ko ƙoda, ba a ɗora shi kan wani mai sa fitsari sai da sanin likita da awon jini. Ya ɗaga diclofenac ya ce shi kuma yana rage aikin maganin hawan jini, yana taɓa ƙoda, musamman jikin da ruwa ya ƙare masa. Sannan ya ɗaga nawa, wanda aka ce na araha ne, ya ce wannan shi ne maganinta na asali. Yaya yana tsaye a bayana. Ban juya na dube shi ba, shi ma bai ce komai ba, kuma har yau bai ce ba.

Abin da ke cin raina shi ne maganar Baba aka ɗauka aka doke ni da ita. Nawa wane ne da kansa, riga kawai ya sauya. Na Yaya shi ne mai kamar. Da Baba yana raye da ya murza bakin kwalin ya karanta na ƙasa. Na tuna lokacin jegona na fari, Inna tana ɗura mini kunun kanwa safe da yamma, ƙafata ta kumbura, Baba ne kaɗai ya ce a dakata a tambayi likita, Goggo ta yi fushi da shi har sallah.

Kwana huɗu muka yi. Likita ya sauya mata magani zuwa amlodipine, ya ce a rage dunƙule da kanwa a miya, ta daina miƙewa zumbur, kuma ta ajiye azumi. Nan aka yi daga. Ta ce tun tana budurwa ba ta taɓa shan azumi haka kawai ba. Sai da Kawu Liman ya zo da kansa ya zauna a gefen gadon ya ce, "Yaya, Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame, ki ciyar." Ta juya fuska bango ta yi hawaye, sannan ta ce in auno shinkafa.

Kwalaye shidan nan ban san ranar da ta fara tara su ba. Na mayar da su cikin tsummansu, na rufe kwallar. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan faɗi yadda aka yi da gonar Baba ta hanyar Zariya, da wanda ya sayar da ita ba da saninmu ba.